Tambayoyi da amsoshi kan "give up", "put off" da danginsu a Turanci

Na daɗe ina koyar da Turanci a Zariya, da safe a wata makarantar sakandare, bayan la'asar kuma a wani ɗan aji a Tudun Wada inda masu shirin WAEC da NECO da JAMB suke taruwa. Babu shekarar da za ta wuce ba a kawo mini kuka a kan abin da Turawa ke kira "phrasal verbs" ba. Ni a aji nakan ce musu aikatau mai ɗan rakiya, domin aikatau ne da wata 'yar ƙaramar kalma ke bi masa baya. Nan gaba in na ce ɗan rakiya, haɗin gaba ɗaya nake nufi, 'yar rakiya kuma ita ce ƙaramar kalmar. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda ɗalibai da iyaye suka fi yi mini.

Malam, mene ne ainihin wannan aikatau mai ɗan rakiya?

Aikatau ne gajere, irin su give, put, take, get, look, come, sai a jingina masa 'yar kalma kamar up, off, out, on, in, down, ma'ana ta sauya. "Give" bayarwa ce, amma "give up" sallamawa ce ko dainawa. "Look" dubawa ce, "look after" kula da wani, "look into" bincike, "look down on" raini. Wani lokaci ma'anar a fili take, kamar "sit down" da "stand up". Wani lokaci kuwa ko ka san kalmomin biyu ciki da bai, haɗuwarsu sai ta ɓace maka. Yawancinsu suna da takwara kalma guda, doguwa, mai kama da ta manyan littattafai: "put off" da "postpone", "call off" da "cancel", "find out" da "discover", "put up with" da "tolerate", "turn down" da "reject".

Don me Turanci zai ajiye hanya biyu ta faɗin abu ɗaya?

Tarihi ne ya jawo. Asalin Turanci ɗan uwan Jamusanci ne da harshen mutanen Holan, kuma gajerun aikatau ɗin nan tare da 'yan rakiyarsu daga wannan tushe suka fito. A shekarar 1066 William na Normandi ya ci Ingila da yaƙi, Faransanci ya zama harshen fada da kotu na kusan shekara 300, Latin kuma yana riƙe da coci da makarantu. Talaka ya ci gaba da maganarsa ta gida, masu mulki da malamai suna ta shigo da kalmomi irin su continue, establish, investigate. Da tafiya ta yi tafiya harshen ya haɗiye duka biyun.

Mu Hausawa bai kamata wannan ya zame mana baƙon abu ba. Muna da "gane" muna da "fahimta", muna da "reno" muna da "tarbiyya". Na biyun daga Larabci suka zo mana ta hannun malamai, kuma kowa ya san a bakin mai wa'azi ko alƙali aka fi jin su. Yadda Larabci yake ga Hausa, kusan haka Faransanci da Latin suke ga Turanci. Su kansu Turawan abin ya daɗe yana ba su mamaki. Samuel Johnson, a gabatarwar ƙamusunsa na 1755, ya yi maganar irin waɗannan haɗe-haɗe, ya ce wasunsu sun yi nisa da ma'anar kalmominsu ta asali har ba mai iya bin sawun yadda suka kai inda suke.

Mu a Hausa muna da irin wannan kuwa?

Muna da shi, kuma wannan ita ce amsar da na fi so ɗalibi ya riƙe. Ɗauki "ci". Ana cin abinci, ana cin amana, ana cin bashi, ana cin mutunci, ana cin jarrabawa, ana ci gaba. Ɗauki "sa": sa hannu, sa baki, sa ido, sa rai. Ɗauki "sha": shan wahala, shan kashi, shan alwashi, shan kunu. Baturen da ya zo Samaru koyon Hausa, in ya ji an ce wane ya sha kunu, zai fara neman kwano da ludayi, alhali fuska aka ɗaure. Kai ba ka taɓa zama ka haddace waɗannan ba. Ka ji su a bakin mahaifiyarka a lokacin da suka dace, suka zauna maka.

Akwai kuma wani abu da ya fi wannan kusa. Aikin da 'yar rakiya ke yi a Turanci, a Hausa ƙarshen aikatau ne ke yin sa. Masanin nan F. W. Parsons ya tsara wannan a 1960, ya kasa aikatau na Hausa aji bakwai, kuma har yau ana karantar da tsarinsa a sassan nazarin Hausa na jami'o'i. Dubi "sha" da "shanye", "ci" da "cinye", "saya" da "saye", "ƙona" da "ƙone". Na biyun yana nuna an gama da abin kakaf. To haka "up" take yi: "drink up" shanyewa ce, "eat up" cinyewa, "buy up" sayewa, "use up" ƙarar da abu. Ranar da na fara rubuta wannan a allo, wata ɗaliba da ke zama a benci na baya, wadda ba ta cika magana ba, ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, ke nan 'tear up' yayyagewa ce, ba yagewa sama ba?" Na ce haka ne, 'yata. Tun daga ranar ba ta sake tambayata ma'anar "finish up" ko "clean up" ba, ita take fitar da su da kanta.

Haka kuma "fita" da "fito", "shiga" da "shigo", "koma" da "komo". Wannan wasalin "o" yana nuna motsi ya nufo mai magana, shi ne bambancin "go out" da "come out", "go in" da "come in", "go back" da "come back".

To ba sai in haddace jeri biyu ba, wannan gefe ɗan rakiya, wancan gefe takwararsa?

Jerin yana da amfani kwana biyu kafin jarrabawa, amma in shi kaɗai ka riƙe zai kai ka ya baro. Dalili na farko, yawancin waɗannan aikatau ba ma'ana ɗaya gare su ba. "Take off" cire takalmi ne ko riga, tashin jirgin sama ne, haɓakar kasuwa ce. "Bring up" renon yaro ne, tayar da magana ce a taro, har amai ma. "Make up" ƙirƙiro labari ne, sasantawa ce bayan faɗa, kwalliyar fuska ce. Wanda ya haddace cewa "take off" daidai yake da "remove" zai tsaya cak ranar da ya karanta "the plane took off".

Dalili na biyu, ko ma'ana ta zo ɗaya, wurin zama yakan bambanta. Wani yaro mai ƙoƙari ya taɓa rubuta mini a insha'i cewa da dare ya "extinguished the torchlight" ya kwanta. A jerinsa "put out" takwarar "extinguish" ce, kuma bai yi ƙarya ba. Sai dai "extinguish" aikin 'yan kwana-kwana ne da gobara, tocila kuwa "switch off" ake yi mata. Kamar a ce maka kazar gidan wane ta yi wafati ne. Ma'ana ta isa, amma kunne ya ƙi karɓa.

Wasu kuma ba su da takwarar da mutane ke amfani da ita ko kaɗan. "Get up", "grow up", "turn on", "log in", babu wata doguwar kalma da za ka sa a madadinsu ba tare da ka zama abin kallo ba.

Wanne ya fi, in zan rubuta wasiƙa ko insha'i?

Ka dubi wanda kake rubuta wa. Wasiƙar neman aiki, ko takarda zuwa ga shugaban makaranta, ko aikin binciken kammala digiri a Jami'ar Ahmadu Bello, a nan kalma guda ta fi dacewa: "The committee will investigate the matter", "The meeting has been postponed". Wasiƙa zuwa ga yayanka ko labarin da ka ƙaga, a nan ɗan rakiya ya fi armashi: "We set off at dawn", "The car broke down".

Amma kada a ɗauka ɗan rakiya Turancin 'yan tasha ne. Wannan kuskure ne da ya yi wa ɗalibanmu illa. "Carry out", "point out", "set up" da "refer to" cike suke da littattafan kimiyya da hukuncin kotu. Masu bincike biyu, Dagut da Laufer, sun nuna tun 1985 cewa ɗalibai masu jin Ibrananci sukan kauce wa ɗan rakiya su gudu zuwa kalma guda, kuma ni abin da nake gani a ajina ke nan kullum. Yaro ya fi sakin jiki da "tolerate" a kan "put up with", saboda guda ce, ba ta rabuwa, ba ta da rikici. Sakamakon haka Turancinsa sai ya fito a sandare, kamar mai karanta sanarwar gwamnati ko da hira yake da abokinsa.

Yaushe ake raba su, yaushe ba a rabawa?

Wasu suna yarda a sa abin da aka yi wa aikin a tsakiya. Kana iya cewa "turn off the fan" ko "turn the fan off", duka daidai. Amma da zarar wakilin suna ya shigo, wato it, him, her, them, me, us, dole ya zauna a tsakiya: "turn it off", ba "turn off it" ba. "Pick them up", "call it off", "wake me up". Wannan ƙa'ida ba ta da togaciya, kuma masu shirya jarrabawa suna son ta ƙwarai.

Wasu kuma ba sa rabuwa ko ana ha-maza-ha-mata: "look after her", "come across it", "take after him", "get over it". Masu kalma uku, irin su "put up with", "look forward to", "run out of", su ma a dunƙule suke tafiya. Ƙamusun Oxford na masu koyo yana sa wata 'yar kibiya mai kai biyu a jikin waɗanda ke rabuwa, in ka san da ita ba sai ka yi ta canka ba. Sauyin lokaci kuma a jikin aikatau yake faɗawa, 'yar rakiya ba ta motsi: give up, gave up, given up.

Waɗanne kurakurai ne suka fi yawa a wajenmu?

Na farko shi ne ɗauko 'yar rakiya a liƙa wa kalmar da ba ta buƙatarta. Yaro ya san "talk about", sai ya rubuta "discuss about". Ya san "look into", sai ya rubuta "investigate into". Ya san "go back", sai ya rubuta "return back". Kalma gudan ta riga ta haɗiye ma'anar rakiyar, ƙara mata wata ɗora wa mai kaya kaya ne. Haka "cope up with", wadda kusan kowa ke faɗa daga Sabon Gari har Kongo. Daidai ita ce "cope with". Ina ganin "keep up with" da "put up with" ne suka ja ta.

Na biyu shi ne jefar da aikatau a riƙe rakiyar kaɗai: "off the light", "on the generator". A gida da kasuwa kowa ya gane, amma a takardar jarrabawa jan biro ne. Sai kuma "round up" da ake faɗa in za a rufe taro. Ainihin ma'anarta tattarowa ce, kamar yadda makiyayi ke tattaro shanu ko 'yan sanda su yi kame. Rufe taro "round off" ne.

Na uku ya fi ɗaga mini hankali, domin yana iya jawo mummunar fahimta. Wani ɗalibina yana cika takardar neman tallafin karatu ya kawo mini in duba. Ya rubuta, "My father passed out last year." Na san gidansu, na je gaisuwar mahaifinsa. Na zaunar da shi na ce, "Ɗana, abin da ka rubuta shi ne mahaifinka ya suma. Rasuwa 'passed away' ce." Ya yi shiru yana kallon takardar, sannan ya karɓi biro ya gyara da hannunsa. A Nijeriya kuma "pass out" tana nufin kammala horo, kamar na soja ko na masu yi wa ƙasa hidima, don haka ma'ana uku ke yawo a kan kalmomi biyu masu kama da juna. Haka "take in", wadda a nan ake nufin samun juna biyu da ita, amma a Ingila da Amurka ruɗar mutum ce, ko fahimtar abu, ko ba wani masauki.

Yaya suke fitowa a WAEC da NECO da JAMB?

A sashen zaɓi, ko dai a bar gurbi a ce ka cike da 'yar rakiyar da ta dace, ko a ja layi a ƙarƙashin ɗan rakiya a ce ka nemo mafi kusa da shi a ma'ana ko kishiyarsa. A sashen karatu da fahimta na WAEC kuma akan ce ka kawo wata kalma da za ta maye gurbin wadda ke cikin labarin. A nan ne masu ilimi ke zubar da maki a banza. In labarin ya ce "was called off", amsarka "cancelled" ce, ba "cancel" ba. In ya ce "putting up with", amsarka "tolerating" ce. Ka ɗauki amsarka ka sa ta a cikin jimlar ka karanta a zuci. In ta zauna daram, ta yi. Kuma ka karanta jimlar har ƙarshenta kafin ka zaɓa, don "turned down the offer" ƙin karɓa ne, "turned down the radio" rage murya ne.

Su nawa ne, kuma nawa zan koya?

Dubbai ne, har ƙamusu na musamman aka yi musu. Kada wannan ya karya maka gwiwa. A 2007 Gardner da Davies sun ƙidaya su a wata babbar taskar rubutu da magana ta Birtaniya mai kalmomi miliyan 100, suka gano guda 100 kacal ne suka ɗauki fiye da rabin duk wuraren da ɗan rakiya ya bayyana. A 2015 Garnier da Schmitt suka fitar da jerin guda 150 mafi yawan amfani tare da manyan ma'anoninsu. Uku a rana, cikin kwana 50 ka zagaye su.

Wace hanya ce ta fi zama a kai?

Ni hanya biyu nake haɗawa. Ta farko, bin 'yar rakiyar maimakon aikatau. "Off" yawanci rabuwa ce ko yankewa: cut off, break off, call off, see off. "Out" fita ce, ko ƙarewa, ko bayyana: run out, sell out, find out, point out. "Down" sauka ce ko tsayawa ko rubutawa: slow down, calm down, break down, write down. "On" ci gaba ce: carry on, go on, keep on. Ba kowanne ke bin wannan layi ba, amma wanda ya san halin rakiyar yakan canki sabo daidai tun kafin ya buɗe ƙamus.

Ta biyu, haɗa su cikin labarin da ka sani. Nakan ce kowa ya rubuta tafiyarsa daga Kwangila zuwa Kaduna. Mota ta tashi, "we set off". Direba ya tsaya shan mai, "he filled up". Ya ɗauki fasinja a hanya, "he picked up a passenger". Mota ta lalace wajen Jaji, "it broke down", ya gangara gefen titi, "he pulled over". Kuɗin guzuri ya ƙare, "I ran out of money". A Kawo kowa ya sauka, "we got off". Guda bakwai ke nan a zama ɗaya, kuma duk ranar da yaron ya hau hanyar nan za su dawo masa. Bayan haka sai in ce a sake rubuta labarin a matsayin rahoto ga shugaban kamfanin sufuri, a sauya waɗanda za su sauyu: "departed", "refuelled", "alighted". A wannan juyi na biyu ne ɗalibi ke ji da kunnensa inda takwara ta dace da inda ba ta dace ba.

Masu zuwa gidan kallon ƙwallo suna da makaranta kyauta. Mai sharhi ba ya minti biyu bai ce "kick off", "sent off", "brought on", "knocked out" ko "ruled out" ba. Wayarka ma haka: sign up, log out, back up, switch off.

Ina gane su a rubuce, amma in Bature na magana sai su wuce ni. Me ya sa?

Saboda haɗe su yake yi. "Pick it up" a bakinsa kamar kalma ɗaya take fita, "pikitap", Ba'amurke kuma ya ce "pikirap". Ƙarfin murya yana kan rakiyar in aikatau ne, "break DOWN", yana komawa farko in ya zama suna, "BREAKdown". Mu kuma muna da namu aikin, wato rarrabe "p" da "f", domin "put off" da "pull up" da "fill up" duk a kansu suke tafiya. A wajen "p" leɓɓa biyu ke haɗuwa su buɗe, a wajen "f" haƙoran sama ke taɓa leɓen ƙasa. Minti biyar a gaban madubi kullum yana gyara wannan.

Malam, ɗana yana aji huɗu na firamare. In fara koya masa tun yanzu?

Ki fara, Hajiya, amma kada ki kira musu suna, kada kuma ki ba shi jeri. Ki sa su cikin aiken gida. Da asuba "wake up", in zai tafi makaranta "put on your sandals", in ya dawo "take off your uniform", in ya zubar da abu "pick it up", in za a kwanta "turn it off". Ki faɗa, ki nuna da hannu, ya aikata. Dogayen takwarorin za su same shi a ƙaramar sakandare, a lokacin yana da abin da zai jingina su a kai. In kuma kina shakkar wata, ki rubuta a bayan littafinsa ya kai wa malaminsu na Turanci ya duba muku.